Dutsen da Inna Ta Goge da Yashi

Duk wanda ya ɗauko dutse tun daga Yamai ya kawo wa mutuniyar Adar tsaraba, shi ya ja wa kansa. Ni na yi, kuma da hankalina, ina malamar kimiyya a kwalejin Kaita. A garinmu Tabotaki, nan ƙasar Adar, dutse ba baƙo ba ne. Shi ke dakusar da hauya, shi ke cinye takalmi, shi muke tsincewa daga wake kafin a ɗora tukunya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi shekaru tana dakon duwatsu a ka lokacin aikin gyaran ƙasa, ana jera su layi-layi a gangaren tudu don su tare ruwan sama. Har yau tsakiyar kanta gashi bai koma daidai ba. In ta ɗaga dutse ta jinjina shi a hannu, za ta gaya maka ko na tudu ne ko na ƙorama, ko zai zauna a jeri ko zai mirgine da ruwan farko. Wannan matar na kawo wa dutse.

Sai dai in yi wa kaina adalci, dutsen ba irin namu ba ne. An tura mu staj, wato kwas na ƙarin sani, a Yamai, mako biyu muna zaune a benci kamar ɗalibanmu, ana koya mana abin da muka riga muka sani. Ranar ƙarshe na sulale na shiga rumfunan maƙeran azurfa, inda baƙi ke sayen tsaraba. A kan wani baƙin ƙyalle, tsakanin zobba da ƴan kunne, akwai wani abin wuya. Azurfa ce ta kewaye wani dutse mai girman kan babban yatsa, sumul, launinsa toka-toka kamar ruwan da aka wanke gero. Na dube shi na wuce. Mai rumfar, wani dattijon Buzu da ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare, ya ce in dawo in ɗauka. Na ɗauka don kada in yi masa rashin kunya. Ya ce in ba rana baya, in karkata shi a hankali. Na karkata, ba komai. Na ƙara, ba komai. Ina shirin ajiyewa sai dutsen ya kama da wani shuɗi daga can cikinsa, irin ƙyallin sabon rawani da ya sha shuni da bugu, gefensa kore, da ɗan ɗigon ruwan zinariya a ƙasa. Hannuna ya motsa kaɗan, komai ya ɓace, na koma riƙe da tsakuwa.

Ya ce sunansa labradorit, daga Madagaska fatake ke kawo shi a yanke a goge, shi nasa kawai ya ƙera masa gidan azurfa. Sunan na san shi, yana nan a ƙasan wani shafi a babin duwatsu, cikin dangin da ake kira faldisfat. Na sha rubuta wa ɗalibai a tablo cewa cikinsa hawa-hawa ne, sirara fiye da ɓawon albasa, haske na shiga ya bugi hawan ya dawo da launi, kuma ba ya dawowa sai ta kusurwa guda. Sun kwafa, na ba su maki, ni da su babu wanda ya taɓa gani. Da zan tafi dattijon ya ja mini kunne. Kada ya faɗi a siminti, kada ya kusanci wuta, in ya yi datti a share shi da tsumma mai laushi kawai, domin yashi ya fi shi ƙarfi. Na ce to, na ce to. Wannan jan kunnen a rumfar na baro shi, ban kai wa kowa ba.

Tun a mota na san wadda zan ba. Ni ce ƴar fari a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana ta ce “ke”, in tana magana a kaina ta ce “waccan”. Ba ta yabona, ba ta kallon fuskata, ni ma tun ina ƙarama na koyi kallon ƙasa in muna magana. Ranar da na ci jarrabawa maƙwabta suka cika gida da guɗa, ita kuwa ta shige bayan rumbu tana tankaɗe. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani, har na sha kare al'adar a gaban abokan aikina da suka zo daga wasu wurare. Amma sanin abu daban, haɗiye shi daban. Ƙanwata, autarmu, da ke aure a Babankatami, in ta kawo wa Inna ko sabulu guda ne sai unguwa ta ji. Ni na kawo atamfa, an tura ƙasan akwati. Na kawo katifa, an ce ta cika laushi. Sai na ce a raina, wannan karon ba yabo nake nema ba. Abu ɗaya nake so, Inna ta ga shuɗin nan da idonta, ta ce ta gani. Wannan ai ba yabon ƴar fari ba ne, shaida ce kawai, ko baƙon hanya za a iya ba shi.

Na iso da hantsi. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba na sha faɗa, don na wanke fuska da ƙafafu da buta guda cur. Rijiyarmu zurfi gare ta, kuma Inna ba ta yafe ɓarnar ruwa. Da rabin buta take alwala har ta rage wa kaji. Ta ji ƙarar zubar ne daga inda take zaune a inuwar rumbu, suna ɓarar gyaɗa da wata maƙwabciya, ta ce wa maƙwabciyar, “Mutanen pampo sun iso.” Na haɗiye, na je na durƙusa, na sa mata abin wuyan a tafin hannu.

Ta murza shi da babban yatsa, ta jinjina shi yadda take jinjina kowane dutse.

“Mi na na wanga?”

“Dutsi na, Inna. Daga Yamai.”

“Na ji dutsi na. Namu ƙarewa sunka yi?”

Maƙwabciyar ta kwashe da dariya har da buga cinya. Na ce, “Ki ba rana baya, ki karkata shi kaɗan-kaɗan. Akwai wuta ciki, shuɗiya.” Ta karkata shi, fuskarta na ɗan gefe kamar kullum. Daga inda nake durƙushe na ga shuɗin ya tashi a hannunta har ya fi na ranar da na saya. Na ce, “Ga shi nan! Inna, ga shi nan!” Maƙwabciyar ta leƙo ta yi salati. Inna ta ce, “To. Azurhwar dai na da nauyi.” Ta ƙulle shi a haɓar zane, ta koma kan gyaɗarta.

Ran nan ban ci tuwon kirki ba don haushi. Kuma ni ba mai barin magana ba ce, abokan aikina za su shaida. Shekara guda cur, duk hutun bakansi, duk ƙarshen watan da na samu mota, sai na sa ta kwance haɓar zanen nan. Na gwada da safe, na gwada da la'asar, na gwada a bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe guda. Na rufe ɗaki da rana tsaka na haska shi da fitilar waya. Duk unguwa ta gani. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta gani, ta ja da baya ta tambaya ko akwai mai zama a ciki. Maƙwabciyar da ta yi mini dariya ta dawo tana kawo baƙinta kallo. Inna kaɗai ce in an ce ga shi nan sai ta ce, “To.” Ranar da na matsa mata ƙwarai ta ce, “Allah shi yi ma maƙerin albarka.” Maƙerin! Wanda ba ta san ko fari ne ko baƙi ba, shi ya samu albarka, ni da na ɗauko na samu “to”.

A cikin shekarar nan akwai abubuwan da na gani na wuce su. Na tauna tsakuwa a wakenta har haƙorina ya yi kwana biyu yana tsami, na ce a raina Inna ta fara kasala. Ta daina ɗinke zanenta, ta ce allurar yanzu ba ta da kafa. Ta daina zuwa kasuwa, ta ce gwiwa. In baƙo ya shigo ba ta ɗaga kai sai ya yi sallama ya ƙara magana, na ce tsufa ya ƙara mata miskilanci. Duk na gani, duk na ji, ban kawo komai a raina ba. Na riga na yanke hukunci cewa Inna na ganin shuɗin nan sarai, kunyar ƴar fari ce ta hana ta faɗa, kuma na sa wa raina sai na karya kunyar.

Sai auta ta zo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya ta samu mace. Na iso ana gobe suna, gida cike da dangi, ga daka ga surfe. Kafin kowane biki matan garinmu kan fito da mundayensu su jiƙa a ruwan tsamiya, su dirje su da toka da yashi mai laushi na bakin ƙorama. Haka ake wanke tukunya, haka ake wanke kwanon sha, haka ake wanke azurfa, kuma tana fita fes. Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani wankin ba, kuma bai taɓa ba su kunya ba. Ina shiga tsakar gida na hangi kayan Inna a kan faifai suna shan rana, mundaye biyu, zobe, da abin wuyana. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe za ta sa shi gobe a gaban mutane. Na ɗauka. Azurfar na walƙiya kamar yau aka ƙera ta. Dutsen kuwa ya yi furu-furu, ya yi kaushi kamar busasshen sabulu. Na ba rana baya na karkata shi. Na juya, na sake juyawa, na koma bakin ƙofa. Babu shuɗi, babu kore, babu komai.

Ban san lokacin da na isa gaban Inna ba. Tana zaune bakin murhu.

“Wa yay yi wanga aiki?”

“Ni.”

“Da mi?”

“Da abin da aka wanki da shi.”

Abin da na faɗa bayan nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na ɗaga murya a kan mahaifiyata, a gidan suna, a gaban dangin mijin ƙanwata. Na ce, “In ba ki son shi ki ce ba ki so! Shekara guda ina roƙon ki ki duba, kin ƙiya. Don ni na kawo shi? Da auta ta kawo maki gawayi da kin rataya ga wuya! Kunya, kunya, har yaushe? Ni ba ke kinka haihe ni ba?” Taɓarya ta tsaya a turmi. Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Inna ta ci gaba da tura kara a wuta. Hakan ya ƙara tunzura ni. Na miƙa mata abin wuyan na ce, “Ungo abinki.”

Ta miƙo hannu. Hannun ya wuce ta gefen nawa, da tazarar taƙi guda, ya damƙi iska. Ta dawo da shi a hankali, ta laluba har ta taɓa tsintsiyar hannuna, ta bi ta zuwa yatsu, sannan ta karɓa.

Auta ce ta kira ni daga ɗakin jego, murya ƙasa-ƙasa. Na shiga. Ta ce, “Yaya, kwana ukku tana gurzar shi, kowace sahiya. Ta gurza, ta ɗauraye, ta share da zane, ta kawo man nan ta ce, ya hito? Na ce mi? Tac ce wutar da yayakki ta ce. In na ce bai hito ba sai ta koma ta ƙara yashi. Tac ce datti na yar ruhe shi, shi as sa kowa na gani ita ba ta gani.” Na tambaye ta tun yaushe ta san da maganar idon. Ta ce ita ma sai a wannan zuwan ta lura, domin jaririyar ma da hannu Inna ta duba ta, ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta ce kyakkyawa ce.

Na fito na koma bakin murhu, na durƙusa, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na kalli Inna a tsakiyar ido. Baƙin idon duka biyu ya yi fari-fari, kamar an ɗiga nono a ruwa. Yanar ido ce, kuma ba ta jiya ba ce. Ni da nake zana ido a tablo duk shekara, in ja kibiya in rubuta sunan kowane sashe, in hukunta wanda ya manta, ban san idon uwata ya rufe ba, don ba ma kallon juna. Ita ta ɓoye don kada ta zama kaya, ni kuma na ba ta mafaka da kaina, duk abin da ta kasa gani na ce kunya ce. Ta ji numfashina kusa, ta kau da kai ta ce, “Bar kallona hakanan. Hayaƙi-hayaƙi na kawai.” Na ce ta gafarta mini. Ta ce, “Tashi, baƙi na jiran hura.” Iyakar abin da aka ce ke nan, aka yi suna washegari, ta sa mundayenta, ba ta sa abin wuyan ba.

Da zan koma na ɗauke shi, na tsaya Buza ranar kasuwa wajen wani maƙerin azurfa da ake yabo. Ya ajiye zugazuginsa, ya karɓa, ya duba, ya dube ni. Ya ce, “Madan, wa yay yi mashi aski?” Ban yi dariya ba. Sai ya lashi babban yatsansa ya shafa a kan dutsen, ya karkata. Shuɗin ya taso. Na kusa ƙwace shi daga hannunsa. Kafin in ja numfashi uku danshin ya bushe, dutsen ya koma furu-furunsa. Ya ce, “Shina nan, bai mutu ba. Huska tai anka ɓata.” Na gane nan take, abin da nake koyarwa ne. Yashi ya kakkarce saman, haske na tarwatsewa tun a ƙofa, ruwa kuwa na cike karcen na ɗan lokaci ya ba shi hanya. Na ce to ya goge mini. Ya ce magagarinsa na azurfa ne, in ya sa wa dutsen zai ƙara masa ciwo, wuta kuma fasa shi za ta yi. Sai masu injin guga da wani gari da ya fi garin tuwo laushi, kuma shi ko a Tawa bai san mai yi ba. Na yi ta cigiya. Na aika wa dattijon Yamai saƙo ta hannun wata abokiyar aiki, ya aiko cewa shi ma ba ya guga, in zo in zaɓi wani. Na ji kamar in yi ihu. Ni ba wani nake so ba, wanda ta kwana uku tana gurza nake so. Na mayar da shi Tabotaki, na jefa a kwallarta ta ajiya, na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara tayar da maganarsa ba.

Ai kuwa na samu sabon abin jin haushi, wanda ya fi na farko. Na bincika na ji likitocin ido kan zo Madawa lokaci-lokaci su cire yana, aikin ɗan lokaci, mutum ya kwana ɗaya ya koma gida. Inna ta ce ba da ita ba. Ta san wani tsoho a ƙauyen gaba da ya ba mai allurar gargajiya idonsa, aka tsokane, ya rasa har ɗan hasken da yake da shi. Na ce wannan daban, wancan daban. Ta ce duk ƙarfe ne a ido. Na kawo mata labarin waɗanda aka yi wa suka warke, ta ce nasu idon ne. Wata rana tsabar ruɗewa na fito da kaye, littafin rubutuna, da bik na zana mata ido, ina nuna mata inda yanar take, sai da na kai rabi na tuna wadda nake nuna wa. Ta ce, “Abin da za ni gani duniya na gan shi. Ragowar ya ishe ni in kai makwanci.” Na yi lallashi, na yi fushi, na yi wata guda ban zo ba, na dawo na tarar da ita yadda na bar ta.

Wata bakwai ina zuba kimiyya. Sai auta ta zo ganin gida da ƴarta da ta fara rarrafe, tana ba ta nono ta ce, ba ma da wata niyya ba, “Inna, ɗiyag ga kamar innarki da ta haihe ki sak, har haɓar. Kowa ya hwaɗi, ke ɗai ba ki gani ba.” Washegari da safe Inna ta tambayi maƙwabciya, ba ni ba, yaushe ne mutanen idon za su zo. Na yi murna, amma ba zan ɓoye ba, na kuma ji kamar an mare ni. Ba don zanen idon da na yi mata ta yarda ba, ba don dutsena ba.

Mu uku muka je Madawa. Tsofaffi ne jere a tabarmi ƙarƙashin itatuwa, kowa da mai ja masa sanda. Aka yi mata na dama, aka ce na hagu sai wani zuwan. Da aka kwance ƙyallen washegari, ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi auta daga sama har ƙasa ta ce, “Haka kinka yi ƙiba?” Ni ina tsaye ta gefen idon da aka buɗe, riƙe da ledar magani. Idon ya zo kaina ya wuce kamar yadda ya saba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya sha faɗa. Ta ga tsagar da ke jikin katanga, ta ga ƙoren da ba a wanke da kyau ba, ta gaya wa maƙwabciya a fuskarta cewa ta tsufa. Jikarta kuwa ta ɗora ta a cinya ta yi ta kallo, ta ce haɓar ce kawai, hancin na dangin uba ne. Maganar dutse ba ta taso ba, ni ma na riƙe alkawarina, ko da yake kullum maganar tana nan a bakina.

Ranar da zan koma Kaita na haɗa jakata da hantsi, direban motar kasuwa ya riga ya kira ni sau ɗaya. Na fito in yi sallama sai na gan ta a bakin ƙofar ɗakinta, ta ba rana baya. Abin wuyan na tafin hannunta. Ta rufe idon hagu da yatsa, tana karkata dutsen kaɗan-kaɗan, daidai yadda na gaya mata ranar farko, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta karkata dama, ta karkata hagu, ta kawo shi kusa, ta nisanta shi. Sannan ta bi karcen da farce, layi bayan layi.

“Ni niy yi mashi wanga?” Ba da ni take ba, da iska take.

Na ce, “Ni ban gaya maki ba. Maƙerin ya ce kar a sa mashi yashi, ni na mance ban hwaɗi ba.” Ranar ce na fara furta wannan a gaban wani.

Ta ce, “Hm. Malama.”

Butar alwalarta na gefe. Na durƙusa na ɗauka, na tsiyaya ruwa a kan dutsen yana hannunta. Ta fara cewa, “Ke, ruwan…” Shuɗin ya taso ta ƙarƙashin karcen. Bai kai na Yamai kaifi ba, amma shi ne, da korensa a gefe, da ɗigon zinariyar a ƙasa. Hannunta ya tsaya cak. Ruwan ya zurare ta tsakanin yatsunta ya bi ƙasa, rana ta shanye sauran, dutsen ya koma toka.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Ƙara.”

Na ƙara. Ya taso, ta karkata shi ya ɓace, ta dawo da shi da kanta ya sake tasowa, ya bushe.

“Ƙara.”

Wayata ta yi ta kuka a jaka, na ƙyale ta. Ƙasan da ke gabanta ya jiƙe ya yi caɓi, kaji suka taru suna sha, matar da ke alwala da rabin buta ba ta ko dubi wajen ba. Na yi ta tsiyayawa har butar ta yi sauƙi, na kifa ta, ɗigo biyu suka faɗo. Na zauna ina jira. Shekara biyu ina jiran kalma biyu, na ce yau dai ko kunya ta kai ina sai ta faɗe su.

Auta na tsaye a bakin ɗaki da goyo. Inna ta dube ta ta ce, “Ce ma waccan ta ciko butar. Akwai ruwa cikin randa.”

Ba ta ce ta gani ba. Har yau ba ta ce ba, kuma har yau abin na ci mini rai. Na ɗauki butar na nufi randa, ina jin motar Kaita tana tashi daga tasha babu ni.